Littafin Dakta Hansai Ba Zai Shiga Wuta Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Likitoci da Ma'aikatan Jinya Masu Kula da Lafiyar Fata, reshen Kaduna ta Arewa, ta samu labarin rasuwar shugabar kwamitinta na bincike, Hajiya Dakta Hansai Abdurrahim, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Juma'ar da ta gabata a gidanta da ke Unguwar Dosa, bayan gajeruwar jinya, tana da shekara hamsin da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara tara ke nan da aka fara kawo wa marigayiya mata daga Kawo da Malali da Hayin Banki, kumatu ko leɓe ya kumbura ya yi tauri kamar an cusa tsakuwa, sakamakon allurar cika fata da aka yi musu a bayan shagunan kwalliya, galibi ana gab da biki. An ce musu ruwan zai narke da kansa cikin 'yan watanni, sai ga shekara ta zagayo yana nan daram. Da yawanmu a lokacin, ba za mu ɓoye ba, cewa muka yi wadda ta jawo wa kanta ta ji da shi. Ita kuwa Dakta Hansai sai ta kafa doka guda: ba ta son jin sunan wanda ya yi allurar, a dai nemo mata kwalbar ko sirinjin da aka yi aiki da shi, ko da daga kwandon shara ne. Ɗan ragowar da ke ciki take ɗiga wa maganin narkarwa a ɗakin gwaji, ta zauna ta ga yadda zai yi. Ta haka ta bambance wanda allura ɗaya ke narkarwa, da wanda sai an bi shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu, da wanda ba ya narkewa sam, sai dai tiyata. Duk ta rubuta a littafi guda mai baƙin bango, babu sunan kowa, sai lambar da ta ba kowace mace a kati.

A kan wannan littafi ne ya zama dole mu yi magana, ko da ba a saba jin irinta a saƙon ta'aziyya ba. Tun ba a yi sadakar uku ba, wasu dattawa suka sami maigidanta, Alhaji Sharhabil Haruna, a wurin zaman makoki, suka ba shi shawarar a ƙone littafin, wai rufin asirin matan mutane ne, kuma sauƙi ne ga mamaciya, tunda a ganinsu ta ƙare rayuwarta tana gyara wa masu canza halitta ɓarnarsu. Muna kyautata zaton da zuciya ɗaya suka faɗa, amma wallahi maganar ta yi mana ciwo. Baiwar Allahn da bakinta bai taɓa gajiya da hana 'yan mata yin allurar nan ba, ita ce yau ake nema wa sauƙi da ashana? Wane asiri za a rufa wanda ita ba ta riga kowa rufawa ba? Mata goma sha huɗu ne ke tsakiyar magani a yau, kuma abin da ke cikin fuskar kowace, da yawan maganin da aka riga aka yi mata, babu inda yake sai a shafukan nan. Aka ƙone shi, sai a koma lalube da allura a fuskar mutum.

Saboda haka Ƙungiya ke sanar da jama'a cewa Alhaji Sharhabil, Allah Ya saka masa da alheri, ya damƙa mana littafin hannu da hannu. Ba za a ƙone shi ba, ba kuma za a buɗe shi ga miji ko uba ko mai unguwa ba. Mai ganin aikin nan abin kunya ne ya riƙe ra'ayinsa, mu tamu kunyar ita ce yadda muka bar ta ita kaɗai a kansa a shekarun farko, kuma ba za mu maimaita ba. Abokiyar aikinta, Dakta Jamila Bilal, za ta ɗora daga inda ta tsaya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alhaji Sharhabil, da 'ya'yanta Humaira da Salim, da ɗaukacin 'yan uwa, muna roƙon Allah Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta.

Ga matan da ke riƙe da kati kuma: ba za a kira gidan kowa ba, ba za a aika kowa ba. Ku zo ranar Talata kamar yadda kuka saba, lamba kawai za a tambaye ku. Mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, ke ce a shafi na ƙarshe. Allurarki ta uku tana cikin firji, da rubutun hannun marigayiya a jiki, ta haɗa miki ita kwana biyu kafin ta kwanta jinya. Don Allah ki zo.

Sa hannu,
Malam Mustapha Ɗahiru Kawo
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Ƙungiya