Inda Audi Mahauci Ya Aje Ƙwaƙwalwarshi

Zuwa ga Bara'atu, sanyin Gulbin Rima, hasken wata bisa Hubbare, nonon cikin hurata, ɓargon ƙashina! Gaisuwa mai tarin yawa daga Audi mahauci, wanda har yau shuni bai gama hita daga kunnenshi ba.

Kin tuna ranar, ko? Ina ɗauke da kan sa zan kai ma kukun Nasara can bariki, sai ga ki da tulu ta wajen marina. Wayyo wuyan barewa! Wayyo takun zalɓe bakin hwadama! Idona ya bi ki, ƙahwata ta bi idona, ni da kan san munka zunduma cikin rijiyar baba. Kinka yi dariya har ruwa na zuba miki a kahwaɗa, kinka ce, "Audi, wai ina ka aje ƙwaƙwalwarka?"

Tambayarki umurni ce gare ni. Tun ran nan ban huta ba, nema nike.

Na hwasa kan sa, na ishe ƙwaƙwalwarshi a bayan goshi, ƙarƙashin ƙahoni, ko ƙoƙon hura ba ta cika ba. Ta raƙumi tana can ƙarshen wuya, nesa da ƙahwahu, sai tunani ya yada zango kahin shi iso gwiwa. Shi ya sa raƙumi ke ta gunaguni kahin shi durƙusa. Ta tarwaɗa ɗan ɗigo ce awa ƙwarar wake. Hwara kuwa, na tsinke mata kai, ta ci gaba da shurina! Da me take tunanin shurin, ya ke tauraruwar asuba?

Sai na tahi wajen wani likitan Nasara mai tara ƙwari cikin kwalabe. Ta bakin tahinta ya ce hwara na da ƙananan ƙwaƙwale jere a ƙirji da ciki awa carbi. Ya ƙara da cewa can cikin ruwan gishiri akwai wata halitta mai hannu takwas, kowane hannu da nashi tunani, kuma in ta haɗiye abinci ta tsakiyar ƙwaƙwalwarta yake wucewa.

Bara'atu, gaban Nasara na hwashe da kuka. Ashe ina da ɗan'uwa a duniya! Hannuna na dama na tunaninki daban, har ya miƙa ma wata tsohuwa wutsiya maimakon hanta. Ƙahwahuna na tunaninki daban, in na nuhi masallaci sai su karkata lungunku. Lomar tuwo ko, ba ta isa cikina sai ta ratsa ta cikin sunanki. Wane mai rai zai iya wagga wahala?

To, ga abin da ya taso. Sarkin Pawa ya rantse in na ƙara hwasa kai kahin a saya, zai tashe ni daga kasuwa. Wana Sodangi kuma ya tanadi mari da turaren mahaukata, ya ce ran Juma'a za a ɗaure ni. Ki cece ni, ya inuwar tsamiya da rani! Ki aika ma wan nawa cewa ba aljani ba ne, ke ce. In kin so, ki ƙara da cewa shi turo magabatanmu gidanku.

Jiya na yanka zakara don in duba tashi ƙwaƙwalwar. Kan na hannuna, gangar jikin ta zabura, ta haye danga, ta ratsa tsakanin jakunan masu gero, ina biye ina salati, ba ta hwaɗi ba sai ƙohwar gidanku. Na ga innarki ta ɗauka ta shige. Ku ci, halal ne, na yi bisimilla. Amma yayin da kike tsotsar ƙashin, ki tuna cewa shi da ko sau guda bai taɓa ganin murmushinki ba ya gane hanya babu ido. To, ina ga ni?

Naki har ran da za a naɗe ni cikin likkahwani, da kai ko babu kai,

Audi mahauci