Hoton da Kika Riƙe a Juye

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa, uwar 'ya'yana, wadda muryarta ta fi mini iskar teku daɗi a ranar zafi,

Gaisuwa mai yawa kamar yashin gaɓar nan da nake zaune a kai. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan kamar na allon talla. Da gangan na yi su, don ki karanta da kanki, kada wani ya shiga tsakanina da ke.

Yau kwana shida da baro ki. Kowace safiya nakan saɓi kyamara in bi bayan masunta zuwa duwatsun da tsuntsaye ke sheƙa, in tsaya cikin ruwa har gwiwa, ba motsi, ba tari. Da kin gan ni, da kin ce ba a banza kike kirana Malam Zalɓe ba! Fararen tsuntsayen nan su yi ta shawagi, can sai su naɗe fiffike su faɗo ruwa kamar an cilla mashi, su fito da kifi yana walƙiya a baki. Kwasa-kwasa kuwa na jere a kan tudun yashi, kowanne da jakar wuyansa, kamar dattawan da aka kira shaida aka manta da su. Kyau iya kyau. Amma ina amfanin kyau in babu wadda zan taɓa in ce mata duba?

Kin tuna al'adarmu? Shekara ashirin da 'yan kai, duk dawowata sai in wanko hotuna, ki ture almakashi da zare gefe, ki baje su a teburin ɗinkinki ki yanke musu hukunci. Ki ce wannan tsuntsun Yaya Babba ne in an taɓa masa rediyo. Wancan ƙanwata ce ranar da ta sa sabon takalmi. Wanda bai yi ba, ki gaya mini ba kwana-kwana cewa hannuna ya yi rawa. Ido ba mudu ba, amma naki ya san ƙima. Masu mujallar da ke buga hotunana ba su san ke kike fara tace su ba.

To, a watan jiya na miƙo miki hoton wani tsuntsu mai jan baki yana ciyar da ɗansa. Kika karɓa, kika kai shi dab da fuska, kika daɗe, sannan kika ce, "Wannan ya fi duka kyau." A juye kika riƙe shi, masoyiyata. Teku a sama, gajimare a ƙasa. Na yi miki godiya, na fita na tsaya gaban famfo ina ta wanke hannun da ba shi da datti. Kin ɓoye mini don kada hankalina ya tashi, ni kuma na yi shiru don kada ki ji kunya. Ashe so ma yakan sa mutum biyu su yi wa juna ƙarya?

Na gaji da shirun. Na ga yadda kike laluben kafar allura. Na san likita ya ce yanar ido ce ta rufe miki gani, aikin ɗan lokaci ne, kuma sau biyu kina ɗaga ranar. Na san abin da ke riƙe ki: Innarki, Allah ya jiƙanta, ta shiga ɗakin aiki da ɗan sauran ganinta, ta fito babu. Ba zan ce tsoronki banza ba ne. Amma zuma ta zuciyata, yanar nan tana jira ne? Kullum ƙara kauri take, tana sace mini ke kaɗan-kaɗan ina kallo.

Ina roƙonki ki amince. Na riga na gaya wa masu mujallar su nemi wani don tafiyar wata mai zuwa. Tsuntsaye za su dawo baɗi, ko ba su dawo ba akwai wasu. Ke kuwa ba ni da ta biyu. Zan riƙe hannunki har bakin ƙofar ɗakin. Ni zan riƙa ɗiga miki magani, ni zan shiga kicin, yara su yi ta ƙorafin gishiri in sun ga dama.

Akwai kuma laifina da zan gyara. Duk shekarun nan takarda nake kawo miki, ban taɓa kawo ki ba. Kullum ki ce ɗinki, ki ce yara, ni kuma in yarda da sauri. Ranar da likita ya sallame ki, tare za mu shiga mota, ki ga teku da kanki, ki ga yadda tsuntsaye dubu ke tashi lokaci guda har rana ta dushe.

In kuwa Allah ya ƙaddara aikin bai yi ba, tahowar tana nan. Ki ji kukansu, igiyar ruwa ta jiƙa miki ƙafa, ni kuma in bar kyamara a gida, in zauna gefenki ina gaya miki kowane tsuntsu da ya wuce, har muryata ta dushe.

Naki a haske, naki a duhu, har ranar da za a rufe nawa idon,

Mijinki