Hotonka a Kan Dutsen Ƙanƙara

Ƙanena Nura,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Turkiyya, ya karatu, ya iyali? Ya ƙarin haƙurinmu na Baba? Mu dai muna kullen korona a unguwarmu ta Wangsa Maju, sai godiya.

Jiya na sauka karɓo abinci a shagon mamak, wato masu sayar da abinci na nan, na haɗu da Maman Hanif, ƙawar matarka. Ta miƙo min waya da murnarta, tana nuna min hoton da matarka ta saka: "Anti, ba ƙaninki ba ne wannan?" Kai ne kuwa, a kan dutsen ƙanƙara, katakon zamiya a ƙafa, haƙora duk a waje. Na duba kwanan wata, ranar addu'ar bakwai ɗin Baba ce.

Ni a ƙasar nan an rufe min iyaka, ta waya na yi kukana. Ku jiragenku na tashi, amma ka ce wa Hajiya korona ta kwantar da kai. Baiwar Allah tana cikin takaba tana raba sadakar ƙosai don ka tashi.

Na tura mata hoton, don ta ga sadakarta ta karɓu.

Ka sa Baba a addu'a in ka sauko. Ka gaida matarka, ta iya ɗaukar hoto.

Yayarka,
Binta