Sunan da Za a Buga a Buhun Kaura

Tsiga, Lahadi

Zuwa ga jikata, amaryata Shafa'atu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Funtua.

Bayan haka, akwai wata magana da na ji shekara talatin da suka wuce, na watsar. Wai dawar nan da ake kira Kaurar Sanda ba ni na zaɓo irinta ba. Wai duk kaka idan na tsince zangarniyoyi masu kyau na rataye a madafa, sai kakarki Mero ta sauke ta rataya nata. Mati, maƙwabcin gonata, shi ya fara faɗar haka, shekarar da muka yi rigimar iyakar gona, kin ga ai ba sai na wahalar da kunnena ba. Daga baya ƙanwata Hajjo ta maimaita, amma ita tun muna yara ba ta taɓa bari na ci gardama ba.

Na kawo zancen ne don kin ce ƙungiyarku ta manoma za ta baje kolin iri, kina neman sunan da za a buga a buhu. Ki sa nawa.

Naki,
Sanda

Funtua, Litinin

Tsohon angona,

Ina gaisuwa da ban girma. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka faɗi laifin Mati, ka faɗi halin Kaka Hajjo, ban ga inda ka ce ƙarya suka yi ba. Da Mati cewa ya yi kai ne gwanin iri a duk ƙasar Bakori, da za ka tuna da iyakar gona?

Mai buga buhu yana jirana zuwa Alhamis. Abin da ya buga ya zauna, har Maska da Dandume za a kai shi. Gida ɗaya kake da mai amsar, me ya hana ka tambaya?

Taka,
Shafa'atu

Tsiga, Talata

Sarkin rashin kunya,

Gaisuwa. Na wuni a gindin ɗorawa da tambayarki. Na lura ni ba magana nake aunawa ba, mai ita nake aunawa, kuma mudun nawa ne. Na duba abubuwan da na yi imani da su game da kaina, yawancinsu ban taɓa bincika su ba, daɗin zama da su kawai na ji, kamar tsohon takalmi. Abin da ya hana ni tambaya kuwa, Mero ba ta iya ƙarya ba.

Ki ce wa mai bugawa ya sha ruwa tukuna. Ki gaida gida.

Sanda

Tsiga, Laraba

Shafa'atu,

Gaisuwa. Ki sa Kaurar Mero.

An ce mini ni da ido nake zaɓa, in ga doguwa in tsinke. Ita kuwa da turmi take zaɓa: wadda ƙwaro bai ci ba, wadda ke ba da gari. Na ce to nawa irin fa, ina yake zuwa? Aka ce shi ne tuwon da nake yabawa kowace shekara, har in nemi ƙari.

Ban ji haushi ba, wallahi, tuwon da daɗi. Sai dai kada Mati ya ji daga bakinki, ni zan je da ƙafata.

Idan an tambaye ki wa ya gaya mini, ki ce Mero, yau da hantsi, tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Kakanki,
Sanda