Ƙafar Inna

Guri, Jihar Jigawa.

Zuwa ga matata Shamsiyya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya zaman Kano? Yara ƙalau suke, Kulu kullum sai ta tambaye ki.

Na san Kawu Usman ya gaya miki an kai mahaifiyarki asibiti a Haɗejiya. Akwai abin da bai sani ba, ni kuma a waya bakina ba zai iya faɗa ba.

Sati biyu da suka wuce Inna ta zo ɗakin shan maganin da nake aiki tana ɗingishi, wai ƙaya ce ta soke ta a fadama. Kin san da ciwon sukarinta. Ranar Laraba ce, ranar da likitan Haɗejiya yake duba mana marasa lafiya ta bidiyo, sai na haɗa su. Ya ce in kwance tsumman da ta ɗaure ƙafar da shi, in ɗaga zanenta zuwa ƙwauri, in taɓa in ji ko da zafi, in matso da wayar. Shamsiyya, shekara bakwai ko ruwa ban taɓa sha a gaban Inna ba. Ta juya fuskarta bango, ni kuma hannuna ya ƙi. Daga nesa na nuna masa yatsun, na ce sabis ne ba kyau, na ce na taɓa babu zafi. Ƙarya na yi. Ya rubuta ƙwayoyi ta tafi gida.

Ashe kumburin ya riga ya haura. Shekaranjiya a kwalekwale muka fitar da ita, don ruwa ya cinye hanya. An yanke yatsu biyu, gobe za a san ko ƙafar za ta tsira.

Jiya a darasin mako da ake mana ta bidiyo, ma'aikatan lafiya na Kaugama da Kafin Hausa duk suna kan layi, likita ya kawo misalin Inna. Ya ɗora laifin a kan rashin kyawun hoto, har da yaba ƙoƙarina. Ban gyara masa ba.

Yau na leƙa ta a asibiti. Na tarar tana gaya wa matan ɗakin ta yi dacen suruki mai kunya, wanda ko ido bai ɗaga ya kalli ƙafarta ba. Suka yi ta sa mini albarka. Wallahi na kasa cewa amin.

Ki yafe mini in za ki iya. A gaida ƙawayenki.

Mijinki,
Shu'ibu