Inna Ta Kira Matarka Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai dai gajiyar tsayuwa a gidan kula da tsofaffin da nake aiki.

Ka ce cutar lupus ɗin, mai sa garkuwar jiki ta yaƙi jikin kanta, ita ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Na gane. Amma da na kira ta a waya, sai ta ce, "Wace ce?" Sannan na ji ta kira matarka Auta. Ita kuma har da na'am!

Allah ya saka mata, tana ƙoƙari. Ina nan ina taje gashin iyayen wasu, ita tana taje na uwata.

Kada ku gyara wa Inna, hankalinta zai tashi. Amma gaya wa matarka, sunan nan aro na ba ta.

Autarku