Akuyar Hinde

Daren Laraba, Ƙofar Guga

Yau su Hinde suka bar zaurenmu, inda suka fake tun da 'yan bindiga suka kore su daga ƙauye. Ya kamata in yi murna. Matan coci sun samo masu ɗaki a Kambarawa, kwamitin masallacinmu ya ɗauki nauyin abinci, wata ƙungiya kuma ta sa Hinde a makaranta. Baba ya ce bai taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba.

Amma babu wanda ya tuna da akuyar Hinde, kuma mai gidan da za su koma ya ce ba ya son dabba. Ta marigayiya innarta ce, ita kaɗai suka tsira da ita.

Shugabar matan cocin ta dafa Hinde ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, mu samu wurin kwana tukuna."

Hinde ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mani igiyar ta ce, "Ba ta cin dusa sai an jiƙa. Haka Inna ta saba mata."

Na jiƙa na kai mata. Har yanzu ba ta taɓa ba, ƙofa kawai take kallo tana kuka.